Aljanar Ruwan Zafi da Ragon Habboba

Gwaggo Shamsiyya,

Assalamu alaikum. Kafin komai ina neman afuwa kan ƙarfin halin da na yi na rubuto miki. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare, ban taɓa rubuta wa babba wasiƙa ba sai wadda ake ba mu a darasi. Kuma mu nan Sudan da Larabci muke karatu. Hausa a gida muke jin ta, rubuta ta kuwa a filinki na amsa wasiƙu na koya, ina karantawa a wayar yayana. In kin ga kuskure ki rufa mini asiri. Taimako nake nema, don an ba ni ajiyar magana, ta yi mini nauyi, kuma lokaci ya kusa ƙurewa.

A Hajj Yusuf muke, gabashin Khartum. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Hausa za su Makka, suka yada zango a nan, zangon da har yau ba a tashi ba. Babana mai agashe ne, wato tsire, a kasuwar Alhilla Kuku. Mahaifiyarmu ta rasu ina ƙarama, kakarmu ta wajen uba ce ta riƙe mu. Habboba muke ce mata, kamar yadda ake kiran kaka a nan. Sana'arta haɗa turaren wuta da humra, kuma ana yabon hancinta, ko a rufe aka kawo mata icen turare sai ta faɗi irinsa. Yayana zan kira shi Mujtaba, ba sunansa ba ne. Yana aiki a Aljirif, bakin kogi, inda ake gasa jan bulo.

Bara ya fara amai. Da safe yake taso masa, da ciwon ciki, ya yi kwanaki yana yi har sai ya fita hayyacinsa, sannan ya lafa kamar an ɗauke ruwa. Bayan wasu makonni ya dawo. An sha maganin zazzaɓin cizon sauro, an sha na taifot, an sha na gyambon ciki, duk a banza. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne ruwan zafi. Gwaggo, ban san zafin garinku ba, amma namu a bazara ruwan famfo da kansa yake ƙona hannu. A wannan lokacin ne Mujtaba zai ɗora tukunya ya tafasa ruwa ya shige bayi, ya yi ta kwarara wa jikinsa. Ya ce muddin ruwan yana zuba a kansa aman yana tsayawa. Gas ɗin girkinmu ya riƙa ƙarewa kamar ana shan sa.

Habboba ba ta ɓata lokaci ba wajen gano cutar. Ta ce tun yana yaro take hana shi watsa ruwan zafi a bayi ba tare da bismilla ba, ba ya ji. To ga shi ya ƙona ɗan aljana, uwar ta kama shi, ta rantse sai ya dafa kansa yadda ya dafa mata ɗa. Ta kwashe tukwane da butar shayi ta kulle a ɗakinta. Washegari sai ga shi ya dawo daga aiki da bulo mai zafi naɗe a tawul, ya kwanta ya rungume shi a ciki. Habboba ta tsaya a kansa ta ce, “Maigidana, haihuwa ka yi ba a gaya mini ba? Yaushe ne suna?” Shi kuma yana nishi ya ce, “Amarya, sunanki za a sa.” Haka suke wasansu na kaka da jika, ko yana kan gargara. Tun daga lokacin ta karɓe wankin kayansa daga hannuna, ita take wankewa ta turare su da hayaƙi mai ƙarfi, ta ce aljanu ba sa son ƙanshi.

An kai shi wajen malamin unguwarmu, Faki Almahdi. Ya yi masa addu'a, ya ba da rubutu. Mujtaba ya sha, ya amayar. Habboba ta ce kun gani, aljanar ce ta ƙi karɓa. Amma Faki da kansa ya ce a haɗa da asibiti. Ba a kai ga zuwa ba sai ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki, abokansa suka kai shi asibiti a raksha, wato babur mai ƙafa uku. Aka sa masa ƙarin ruwa, aka ce jikinsa ya bushe, saura kaɗan ƙoda ta taɓu. Kin san halinmu da dubiya. Rabin unguwa ta tare a gindin bishiyoyin asibitin da tabarmi da kulolin abinci, kai ka ce biki ake.

Da likita ta zo, wata matashiya mai tabarau, ta saurari labarin, sai ta tambaye shi ko wanka da ruwan zafi yana sa ya ji sauƙi. Habboba ta dafa ƙirji, ta ce wannan yarinya Allah ya buɗe mata ido, ko ba a gaya mata ba ta ga aljanar. Likita ta yi murmushi, ta roƙi kowa ya fita, ta zauna da shi su biyu. Da aka sallame shi sai aka ce zai riƙa zuwa wani asibiti a Umdurman duk Litinin, kuma ana so ya zo da mutum ɗaya daga gida. Ni ya zaɓa. Ya ce ni kaɗai ce a gidanmu in an zuba magana ba ta yoyo.

A mota ya gaya mini, muna kan gada, yana kallon ruwa bai kalle ni ba. Tabar wiwi ce, wadda muke kira bango. Ya daɗe yana sha, tun da ya fara aikin bulo, don a can wasu suna cewa ita ke sa a jure wuta da gajiya. Da aman ya fara, abokansa suka ce ya ƙara, ai maganin tashin zuciya ce. Ashe ita ce ke kawo shi. Likita ta ce cuta ce sananniya da ke kama wasu daga cikin waɗanda suka daɗe suna sha, alamarta ke nan neman ruwan zafi, kuma ba ta warkewa sai an daina gaba ɗaya. Ya sa na yi masa alkawarin ba zan gaya wa kowa ba, musamman Baba. Na yi, don a lokacin kuka nake.

Ina so in gaya miki yadda asibitin yake, don da na ga sashe ne na asibitin ƙwaƙwalwa, na zaci sarƙa da bulala zan tarar. Ɗaki ne da kujeru a kewaye, har shayi ake sha. Akwai wata ma'aikaciya, Ustaza Hanadi, ita ce mai zama da masu jinyar. Akwai direba a cikinsu, akwai ɗalibin jami'a, akwai wani dattijo mai jikoki. Ba a kira wa kowa 'yan sanda. Ana duba lafiyarsu, ana koya musu abin da za su yi in sha'awar ta taso, da yadda za su ce wa aboki a'a ba tare da faɗa ba. Mu 'yan rakiya kuma ana zama da mu daban. A can aka gaya mini zai yi rashin barci da saurin fushi a farko, kada in tsorata. Haka kuwa aka yi, har zakaran maƙwabta sai da ya yi rigima da shi. Sau ɗaya ya zame ya sha, ya je ya faɗa wa Ustaza da bakinsa. Ba ta tsawata masa ba, ta ce su duba me ya faru ranar. Ashe ranar aka biya abokan aikinsa na dā albashi, suka ja shi.

Yanzu alhamdulillahi. Ya yi kumatu, yana cinye nasa ya leƙa kwanona, yana wanka da ruwan randa yana waƙa da muryarsa marar daɗi. Bai koma Aljirif ba, yana ɗan taya wani maƙwabci gyaran raksha. A gida kowa ya ɗauka ciki ake duba masa a Umdurman.

Ga inda matsalar take. Habboba ta sayi rago, za a yi karama Juma'ar sama. Karama ita ce yankan godiya da muke yi in mutum ya tashi daga ciwo, a dafa a kira jama'a. Ragon yana nan ɗaure a tsakar gida, ya riga ya cinye mini shafi biyu na littafin tarihi. Amma ta kafa doka: daga ranar karama an rufe zancen asibiti. Ta ce wanda aka zubar masa da jinin godiya ya sake komawa wajen likita, kamar ya ce wa Allah bai gamsu ba ne. Abin ya zo mana ba shiri. Wata maƙwabciyarmu, Hajja Khadiga, ta gan mu a ƙofar asibitin, ta zo har gida tana tambayar Habboba me muke nema a wurin masu taɓin hankali. Habboba ta ce mata hanya ce ta bi da mu. Washegari ta aika aka sayo ragon.

Baba kuma ya ce tunda an warke, bayan karama Mujtaba ya koma bakin aikinsa, namiji ba ya zama. A nan Habboba ta ƙi, ta ce aljanar a wurin gasa bulo take da gida, jikanta ba zai sake taka wurin ba. Suna nan suna ja, amma a kan asibiti bakinsu ɗaya. Ustaza Hanadi kuwa ta ce da sauran tafiya, wanda ya yanke zuwa a wannan gaɓa ya fi saurin komawa ruwa. Mujtaba ya sani, don da muke dawowa ran nan ya ce mini tsoro yake ji. Na ce to ya gaya wa Baba. Ya tuna mini abin da Baba ya taɓa faɗa a kan ɗan wani, cewa da ɗansa ne mai shan bango da ya sallama shi ga duniya.

Gwaggo, in na yi shiru zai bar asibiti, wataƙila ya koma Aljirif, mu koma gidan jiya. In na faɗa na ci amana, kuma ban san abin da Baba zai yi ba. Na yi tunanin mu riƙa zuwa a ɓoye, amma ni ban iya ƙarya ba, in na fara sai muryata ta riƙa rawa. Ga jarrabawar fita sakandare tana matsowa, in na buɗe littafi sai in ga rago. Wani lokaci ma haushin Mujtaba nake ji, sai kuma in ji kunyar jin haushin.

Ki yafe mini tsawon wasiƙar, ban san yadda ake gajarta ta ba. In ba zan takura miki ba, ina neman izini in sake rubuto miki bayan karama, ko da layi biyu ne.

Taki,
'Yar Rakiya, Hajj Yusuf

*

'Yar Rakiya,

Wa alaikumus salam. Afuwar da kika nema ki mayar da ita jaka, ba ki yi laifi ba. Hausarki kuma ta fi ta wasu da aka haifa a gindin Dala. Ki fara da godiya: yayanki yana raye, an gano cutarsa, ya daina, ya zame sau ɗaya ya miƙe da kansa. Iyaye da yawa masu rubuto mini rabin wannan suke roƙo.

Ustaza Hanadi ta faɗi gaskiya. Tsayawar amai ba ita ce warkewa ba. Ciki ya huta ne don an daina shan abin, ranar da aka koma shi ma zai dawo. Abin da ake jinya yanzu shi ne sabo, sabo kuwa ba ya fita da kumatu. Don haka zuwa asibiti ba abin sasantawa ba ne, haka ma komawa cikin abokan da suka ce ya ƙara. A kan wannan ki tsaya, ko muryarki tana rawa.

Amma ban ce ki je ki zazzage wa Baba ba. Ciwon na Mujtaba ne, labarin ma nasa ne. In ya ji daga bakinki aka sani, zai rasa mutum ɗaya da ya amince wa a gidan, mai jinya irin tasa kuwa in ya rasa amintacce wajen tsofaffin abokai yake nufa. Zuwa a ɓoye ma ki cire shi. Ƙaryar mako mako ba ta daɗewa a unguwar da Hajja Khadiga take da ido.

Yanzu zo in nuna miki abin da kika rubuta da hannunki ba ki gani ba. Kin ce Habboba tana gane icen turare ko a rufe yake. Kin ce ita ta karɓe wankin kayansa tana turare su da hayaƙi mai ƙarfi. Kin ce ita ta hana shi komawa Aljirif. Kuma kin ce ba ta sayi rago ba sai washegarin da maƙwabciya ta zo da tambaya. 'Yata, matar da ta tsufa tana sana'a da hanci, kina jin warin rigar jikanta zai ɓace mata? Ina iya yin kuskure, ban san ta ba. Wataƙila da gaske ta yarda da aljanar, wataƙila kuma rabi da rabi. Amma ni abin da nake hange shi ne tsohuwa ta ɗauki mayafi ta lulluɓe jikanta, don a unguwa gara a ce aljani ya taɓa shi da a ce ɗan bango ne. In haka ne, ba asibitin take ƙi ba, ƙofarsa take tsoro da masu wucewa ta gabanta.

Saboda haka ita ce ƙofarku. Ranar Litinin ki gaya wa Mujtaba, a gaban Ustaza Hanadi, cewa kayan sun fi ƙarfin kanki, kina so a ƙara mutum ɗaya kafin Juma'ar karama. Wannan ba cin amana ba ne, faɗin gaskiya ne ga wanda ya ba ki ajiya. Ki bar Ustaza ta taya shi shirya abin da zai faɗa, aikinta ne, ta saba. Sannan shi da bakinsa ya gaya wa Habboba, su biyu, a ɗakinta. Mutumin da yake tsokanar ta yana rungume da bulo zai iya. Ke ki zauna a bakin ƙofa in yana so. Ku tambayi Ustaza ko za ta yarda ta gana da Habboba, ko akwai wata rana ko wata ƙofa da ba ta kan idon jama'a. Asibitoci irin wannan sun san da wannan damuwar.

Zancen cewa komawa wajen likita bayan yankan godiya butulci ne, wannan kada ki yi gardamarsa da ita, ke jika ce. Faki Almahdi ne ya ce a haɗa da asibiti tun farko. Mujtaba ya je ya gaishe shi, ya tambaye shi ko godiya tana hana ƙarasa magani, ba sai ya faɗi wane ciwo ba. Na san amsar da zai bayar, kuma daga bakinsa Habboba za ta fi jin ta. A yanka rago, a ci, a gode wa Allah da ya tashe shi. Ranar Litinin kuma a hau mota.

Baba fa? Yana da haƙƙin ya sani, ban so a mayar da shi baƙo a gidansa. Amma ba da gaggawa ba, kuma ba daga bakinki ba. Maganar da ya faɗa a kan ɗan wani kada ta firgita ku ƙwarai. Iyaye suna yanke hukunci mai tsanani a kan 'ya'yan mutane, in abin ya zo kan nasu sai ka ga hannu ya yi sanyi. Duk da haka ku kuka san shi, ni ban san shi ba. Uwarsa Habboba ce ta fi kowa sanin lokacin da za a tare shi da yadda za a fara. Ɗan da ya zo ya ce na yi kuskure, ga shi na daina, ga inda nake zuwa, ba ɗaya yake da wanda aka kama ba. Tunda ma yana taɓa gyaran raksha, a nuna wa Baba cewa ba zaman banza ake nema ba, canjin sana'a ne.

Abu ɗaya zan gindaya miki. Alkawari yana da iyaka. In aman ya dawo har ba ya riƙe ruwa, ko kika ga ya koma sha yana ɓoyewa, ko ya fara maganar ya gaji da rayuwa, to babu sauran sirri. A kai shi asibiti, ki gaya wa babba nan take. Ki sanar da shi wannan tun yanzu don kada ya ce kin yi masa ba zata.

Haushin da kike ji kuwa halal ne. An ɗora wa 'yar makaranta kayan manya. Ki faɗa wa Ustaza a zamanku na 'yan rakiya, za ki ga ba ke kaɗai ba ce. In Habboba ta shigo cikin maganar, ku riƙa karɓa karɓa wajen rakiya, ke ki koma kan littafinki, abin da ragon ya rage. Jarrabawarki ma amana ce.

Izinin rubutu kin samu, ba sai layi biyu ba. Allah ya ƙara wa Mujtaba lafiya da ƙarfin zuciya, ya sanyaya zuciyar Baba, ya ba ki sa'ar jarrabawa. Ki gaida mini Habboba. In zatona ya yi daidai, ranar da jikanta ya buɗe baki zai tarar ta daɗe tana jiran sa, turare a hannu.

Gwaggonki,
Shamsiyya